Kwanson da Na Taka

Laifin da zan ba da labarinsa ba sata ba ne, ko da yake akwai sata a ciki. Laifin shi ne mutum ya ga gaskiya da idonsa, ya ɗora mata ƙafa, ya bar baƙo da kayan da ba nasa ba. Sata yunwa kan sa ta, ko girman kai. Wannan kuwa sai wanda ya ƙoshi, ake kuma ganin girmansa, shi ke iya aikata shi. Ni na aikata. Sunana Hosea Bain, a tsibirin Dorcas aka haife ni, aji uku na yi a makaranta mahaifina ya cire ni ya sa ni a jirgin ruwa. Mai neman daɗin baki ya nemi wani.

Ran Talata da safe aka gano. Mis Vernita, wadda ke saukar baƙi a ɗakinta na baya, ta bi hanyar awaki zuwa lungun ruwan da ke bayan dutse, ta dawo ba ɗankwali tana haki. A lungun nan ne shingen coci yake. Duk shekara, kafin bikin dawowa gida na watan Agusta, kowane gida kan kai katantanwar teku can. A huda leɓen kwanson, a zura igiya, a ɗaure biyar-biyar, a bar su da rai cikin ruwa iya gwiwa, har ranar da 'ya'yanmu na Nassau da Miami za su sauko daga jirgi a ciyar da su. Ɗari biyu da sittin muka tara a shekarar. Mis Vernita ta tarar da abin da bai kai hamsin ba. Turakun shingen suna tsaye, ko ɗaya bai karye ba. Ba kifi ba ne, ba igiyar ruwa ba ce. Hannu ne.

Kafin rana ta take, gidaje arba'in da ɗaya na tsibirin duk sun hallara ƙarƙashin tsamiyar bakin gadar da jirage ke tsayawa, kuma ba a daɗe ana neman suna ba.

Akwai baƙo a garin. Mista Wendell Pruitt, daga Ohio, baƙin mutum kamar mu, dogo, wanda ya ajiye aikin raba wasiƙu ya zo hutun mako uku. Kwanansa goma sha biyu. Ba abin da yake yi sai tafiya. Kullum da sassafe ya zaga tsibirin da takalmin yadi, ya yi wanka a lungun shingen, ya dawo ya gaishe da kowa sau biyu, da yamma ya zauna a ci shi a wasan domino yana dariya. Kuskure ɗaya ya taɓa yi. Kwana biyu da zuwansa ya ɗauki fankon kwanso daga tulin bakin gada, ya juya shi, ya yaba, sannan ya wurga shi ruwa don ya ga yadda zai nutse.

Ƙanena Osmond ya taso masa.

"Kai, Amurka, in aka jefa maka gawar ɗan'uwanka a ƙofar gida, za ka ƙara kwana a gidan?"

"Ban gane ba, Kyaftin."

"Su ma haka ne. Mai rai in ta ga fanko, tashi take ta bar wurin, ta ja dangi. Ka shiga ka ɗauko."

Ya sa shi ya shiga da tufafinsa har ƙirji. Muka yi dariya, shi ma ya yi, ya tafi da kwanson ya ajiye a taga. To ran Talatar nan Osmond ɗin ne ya fi kowa murya.

"Wa ke zuwa lungun kullum? Wa ke da kwanso a taga? Jiragen masu kuɗi na tsaye can waje, wa ke jin bakinsu?"

Mis Vernita ta ce, "Osmond, mutumin nan ko ƙayar kifi bai iya cirewa ba, ni nake cire masa."

"Kin ga kuwa, har ya samu mai cire masa ƙaya," wani ya ce daga baya, aka yi dariya marar daɗi.

Aka tsayar da magana: ran Juma'a jirgin wasiƙu zai zo da ɗan sandan babban tsibiri, a miƙa masa baƙon. Ni ne babban dattijon coci a lokacin, makullin yana rataye a wuyana. Na ce kada a ce mun yanke hukunci ba mu duba ba, a kira Zilpha. Har yau ina tuna yadda na ji daɗin kaina da wannan magana.

*

Mis Zilpha ƙaguwar tudu take kamawa, kuma ita ake nema in akuya ta ɓace. Gajeriya ce, ba ta kallon fuskar mutum in tana da damar kallon ƙafarsa. Benci ɗaya muka zauna a makaranta, ta girme ni da wata huɗu, ba ta kuma taɓa bari na manta ba.

Muka fara da baƙon. Yana zaune a barandar Mis Vernita, tsakin masara da kifi sun huce a gabansa.

"Mista Pruitt, taka zuwa ƙofar can ka dawo," in ji Zilpha.

Ya taka, ya dawo. Ta tsuguna ta duba rairayin.

"A kafaɗar hagu kake rataya jaka."

"Shekara talatin da ɗaya, Mis Zilpha."

"Har yanzu ƙafarka ba ta san ka ajiye ta ba. Me kake gani a lungun?"

"Ruwa. Tsuntsaye. Da wani shinge da na ɗauka duwatsu kuke kiwo a ciki."

Ta kusa murmushi. Ni kuwa na gyara murya na ce masa kada ya ƙara fita daga gidan nan sai Juma'a. Ya dube ni.

"Dattijo Hosea, jiya kai ka nuna mini yadda ake riƙe domino. Shekara talatin da ɗaya ina ɗauke da wasiƙun mutane, har da masu kuɗi a ciki, ban taɓa buɗe ɗaya ba. Ban yi tsammanin sai na zo hutu zan buƙaci faɗin haka ba."

Na ce masa mai gaskiya ba ya jin tsoron Juma'a. Haka na faɗa, da ƙirji a buɗe.

*

Daga nan muka je wurin Kenrid, wanda aka sallama daga wani otal a Nassau ya dawo yana yanka katantanwa da lemun tsami da barkono yana kai wa jiragen waje. Rabin garin in ba baƙon ba to shi suke zargi.

"Goggo Zilpha, ni aka zo kamawa? Bari in sa riga."

"Bar rigar. Da me kake fasawa?"

Ya miƙo guduma. Ta ɗauki kwanso biyu daga bayan rumfarsa, ta sa yatsa a hujin. Zagayayye ne, kuma duk sun bushe.

"Makon nan ban fasa ko ɗaya ba," in ji Kenrid. "Tun da iska ta juyo ruwan ya yi duhu, ba mai ganin ƙasa. Kawu Osmond kaɗai ke dawowa da kaya, shi ke ba ni nama a fashe. Tsohon nan da hanci yake gani, ina ji."

Na ce, "Tsohon hannu ne. Tun yana ɗan shekara tara yake nutso."

Zilpha ta ajiye kwanson, muka tafi. Da muka wuce ta bakin gada, inda kowane mai jirgi ke da tulin kwansonsa, ta tsaya wai tsakuwa ta shiga takalminta.

*

Ran Laraba da hantsi, da ruwa ya ja, muka je lungun mu biyu. Abin da ke ƙasan layin ruwa teku ta share. A sama kuwa, ga sawun takalmin yadi, dogon taku, ya sauko ya koma ta hanya ɗaya kullum, bai taɓa kusantar shingen da taku goma ba.

"Wannan wanka ya zo yi," ta ce.

Ta shiga cikin itatuwan bakin ruwa, masu jijiyoyi a waje, inda laka ke kama sawu ta riƙe. Can ciki ga gurbin da cikin jirgi ya kwanta, ba sau ɗaya ba. Daga nan sawun ƙafa ba takalmi ya hau tudu.

"Duba, Hosea. In zai hau, sawun ya nutse. In zai sauko, bai nutse ba. Kaya yake kaiwa sama. Ga inda ya ajiye buhu. Ga kuma nan. Ga nan." Ta ƙirga taku da sandarta. "Duk taku ashirin sai ya sauke ya huta. Ba nauyin buhun ba ne, tudun ba wani tudu ba ne. Numfashi ne ba shi da shi."

Sawun ya shiga kan dutse ya ɓace. Ta ce in tsaya, ta zaga dama tana neman inda ya sake fitowa.

Ina tsaye ni kaɗai na gan shi, a gindin wani ɗan daji ta hagu. Kwanso ɗaya, ja har yanzu, ƙudaje a bakinsa, da alama ta yagaggen buhu ya faɗo. Huji a leɓe: na shinge ne. Na juya shi da yatsan ƙafa don in ga hujin tsininsa, inda ake sara a zura wuƙa.

Ɗan gatarin mahaifinmu yana da giɓi a baki, tun ranar da ya sari anka, ƙarfen tsayar da jirgi, da shi kafin a haife ni. Duk inda ya sara sai ya bar ɗan haƙori tsaye a tsakiyar hujin. A kan tulin kwanso mai haƙorin nan na yi rarrafe. Da Baba ya rasu ni na ɗauki agogo, Osmond ya ɗauki gatarin.

Ban yi tunani mai tsawo ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na yi ba. Na ɗora dunduniya a kai, na danna shi cikin rairayi, na share wurin da gefen takalmi.

"Akwai abu ta nan?" Zilpha ta tambaya daga nesa.

"Babu. Mu koma, ruwa ya fara dawowa, zai tare mana hanya."

Ta dubi teku. Da sauran awa biyu, kuma ta fi ni sani. Ta ce, "To," ta biyo ni.

*

Da yamma na sauka gada. Osmond ya shigo da jirginsa, yau ba kaya. Na tsaya ina kallonsa yana hawa tsanin gadar, matakala bakwai. A ta huɗu ya tsaya wai yana duba igiya. Da ya iso sama ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa.

"Gatarin Baba fa?" na ce.

"Yana cikin jirgi."

"Yau na ga aikinsa a inda bai kamata ba."

Ya zauna a kan turken gada. Ya dubi ruwa, bai dube ni ba.

"Tun bikin Ista ban kai ƙasan ruwa ba, Yaya. Ina nutsawa sai ƙirjin ya rufe. Da can ina lalube a wuri marar zurfi, sai kuma ruwa ya yi duhu. In dawo hannu wofi kullum, Kenrid da ire-irensa su fara ce mini in zauna in yi ɗinkin komar kifi? Na ce zan mayar kafin biki."

"Da wane ƙirjin?"

Can ya ce, "Juma'a baƙon zai tafi. Ba abin da za su yi masa, Ba'amurke ne, takarda za su rubuta su sallame shi. Zai koma garinsu inda ba wanda ya ji. Ni kuwa nan za a binne ni."

Shekara sittin da biyar ina da baki. Na yi wa mashaya faɗa a coci, na hana 'yan mata rawa a gada, na taɓa tsayar da ɗaurin aure saboda ango ya yi ƙarya. Ranar nan na ce masa, "Ka je gida ka sha shayin ganye," na juya.

A hanyata na wuce gidan Mis Vernita. An watsa mata ruwan wankin kifi a ƙofa, tana gogewa. Yaran gari sun haɗa waƙa da sunan baƙon, suna rerawa a bakin shinge. Yana zaune a baranda da hula a cinya. Ya ɗaga mini hannu. Na yi kamar ina duba hadari.

*

Ran Alhamis da yamma Zilpha ta aiko a kaɗa ƙararrawar coci. Ni na kaɗa. Aka taru ƙarƙashin tsamiya. Ta iso tana tura baro, buhu biyu a ciki, laka har gwiwarta. Ta sa aka kawo benci ɗaya, ta zaunar da Mista Pruitt, da Kenrid, da Osmond.

"Ni kuma a kan me?" in ji Osmond.

"Kai ne gwani. Zauna ka duba aikin yara."

Ta fito da katantanwa mai rai ta miƙa wa baƙon tare da guduma da wuƙa. Ya sara a ciki, ya sara a baya, ya sari babban yatsansa. Abin ya ƙi fitowa.

"Mista, lallashinta za ka yi," in ji Kenrid. "Ka ce mata kana da wasiƙarta."

Aka yi dariya, amma dariyar ta mutu da wuri, don kowa ya fara lissafin yadda wannan hannu zai fasa ɗari biyu.

"Ai ba sai ya fasa ba," Osmond ya ce. "Da ransu zai sayar wa jiragen waje."

"Da haka ne da ban sha wahala ba," in ji Zilpha. Ta kwance buhu ta juye. Kwanso ya zubo yana ƙara, da wari, kowanne da huji a leɓe, wasu da guntun igiya. Mis Vernita ta gane shuɗiyar igiyarta. "A bayan tudu na same su, cikin tsohon tulin kakanninmu, an rufe da ganyen kwakwa. Na bar saura can, ba zan iya ɗauka ba. Yanzu ku gaya mini. Mutum yana cikin jirgi, ya fasa abin da ya sata, teku na gefen hannunsa. In ya sake su a ruwa, ba ni ba, ko wa aka kira ba zai gano ba. Me ya sa zai ɗauki buhu ya hau tudu, yana hutawa duk taku ashirin?"

Ta juya ga baƙon.

"Mista Pruitt, da kai ne, ina za ka zuba?"

"A ruwa," ya ce a hankali. "Ai kun gani."

"Mun gani. Baƙo zai zuba a ruwa. Ɓarawon jiragen waje zai zuba a ruwa. Wanda ya yi wannan ya iya satar abincin biki, amma hannunsa ya kasa jefa fanko a inda masu rai ke kiwo. Bai kuma iya kawo su tulinsa na gada ba, don hujin leɓe zai tona shi. Namu ne. A nan aka yanke masa cibiya."

Ta juya ta nuna tulin da ke bakin gada da sanda.

"Osmond, kwana takwas kana kawo nama. Tulinka fari fat, rana ta cinye shi, ko ƙuda ɗaya babu. Ina kwanson?"

"Ina zubarwa a wani wuri."

"Na sani. Kawo gatarinka."

"Na bar shi a gida."

"Ba komai. Akwai wanda ya san bakinsa." Ta ɗauki kwanso ɗaya ta ɗaga, ta sa farce a kan ɗan haƙorin. "Hosea, wannan saran na wane gida ne?"

Nan Allah ya ba ni ƙofa ta ƙarshe, a buɗe, a gaban jama'a. Na ce, "Idona ba ya gani sosai yanzu."

Ta gyaɗa kai kamar dama abin da take jira ke nan. Ta sa hannu a aljihun zanenta ta fito da wani kwanson, cike da rairayi. Ba ta kakkaɓe shi ba.

"Wannan ba ni na fara ganinsa ba. Jiya wani ya gan shi, ya juya shi da yatsa, sannan ya shuka shi. Da safen nan na koma inda na bar mutum a tsaye, don na ga yana tsoron ruwan da bai zo ba. Sawun dunduniya ne, an yi mata faci da tayar keke. Da ba don shi ba da ta dama zan yi ta nema. Shi ya nuna mini hagu."

Ba ta ambaci suna ba. Ba ta dubi fuskata ba, ƙafata ta duba, sai kowa ya bi idonta. Gida arba'in da ɗaya suna kallon takalmina. Ni da kaina na yi facin, kuma na sha yin alfahari da shi.

Osmond ya miƙe zai yi magana, tari ya sarƙe shi. Ya dafa benci yana tari har ya durƙusa, kuma a cikin shirun nan kowa ya ji taku ashirin ɗin da kunnensa. Da ya samu numfashi ya ce, "Ni ne." Matarsa ta rufe fuska da gefen riga ta fita daga taron.

Mis Vernita ta ce, "Hosea, jiya ka wuce ni ina goge ƙofa."

"Na wuce."

"Ka riga ka sani?"

"Na sani."

Mista Pruitt ya tashi, yana riƙe da yatsansa a cikin hankici. Na ɗauka zai zage mu, da ma ya yi. Ya tsaya gaban Osmond ya ce, "Kyaftin, ka ga likita game da ƙirjin nan. Haka na matata ya fara." Sannan ya zo ta gabana. Na buɗe baki. Ya ɗan dakata, ya ga ba abin da ya fito, ya wuce.

*

Ran Juma'a jirgin wasiƙu ya zo. Ɗan sandan ya sauko, aka gaya masa an shirya a gida, ya sha ruwan kwakwa ya koma. Mista Pruitt yana da sauran kwana shida na hutunsa. Mata suka kawo masa burodin kwakwa da soyayyen kifi, suna roƙon ya zauna ya ga biki. Ya karɓa, ya gode wa kowa sau biyu, ya hau jirgin. Zilpha kaɗai ya ba hannu. Ni ina can bayan tsamiya. Da Mis Vernita ta shiga gyara ɗakin, ta tarar ya bar kwanson a taga.

Bikin shekarar da shinkafa da wake aka yi shi, da kifin gwangwani. 'Ya'yanmu suka sauko daga jirgi suna tambayar ina katantanwa, aka rasa mai faɗa, sai kowa ya faɗa.

Ga abin da ya tafi. Osmond ya rasa jirginsa, ya ba Kenrid, don ba mai karɓar kaya daga hannunsa kuma. Ya rasa sunan Kyaftin. Ya yi shekara uku yana ɗinkin koma a bayan gida, abin da ya yi sata don ya guje masa, sannan ƙirjin ya ɗauke shi. Shi mutane sun yafe masa tun kafin nan, don sun ji tarinsa.

Ni ba ni da tari. Ran Lahadin da ta biyo na cire makullin coci daga wuyana na ajiye a kan bagade, ba wanda ya ce in mayar. Na rasa kujerata ta ƙarƙashin tsamiya. Tana nan, in na zauna sai hira ta koma kan yanayin iska. Ba a ƙara kirana raba gardama ba, ko ta akuya. Mis Vernita tana gaishe ni, amma shekara goma sha huɗu ke nan ban ga cikin barandarta ba. Ƙanen da na rufa wa asiri bai ƙara hawa matakalar gidana ba har ya mutu, don a ganinsa dunduniyata ce ta kai Zilpha ga tulin, kuma gaskiyarsa ce. Gatarin Baba yana wurina, ban taɓa sara da shi ba.

Na sa malamar makaranta ta rubuta mini wasiƙa zuwa Ohio, a kan adireshin da ya bari a littafin baƙi. Sau uku, cikin shekara uku. Duk Juma'a nakan sauka gada in tsaya har a gama kiran sunayen masu wasiƙu. Mutumin ya san aikin wasiƙa fiye da kowa, ya san yadda ake mayar da wadda ba ta sami mai ita ba. Ko ɗaya ba ta dawo ba, kuma amsa ba ta zo ba.